Harbi-Ka-Ruga A Gidan Malam Ishaya

Ranar wata Asabar cikin damunar 2004, da misalin ƙarfe goma na safe, mu biyu ne a shagona da ke bayan kamfanin PZ a Sabon Gari: ni da Mati maharbi, wanda ya zo daga ƙauyensu na bayan Basawa domin a gyara masa kunamar bindiga. Ana yayyafi. Sai wani mutum ya jingine keke a bango, ya kakkaɓe hularsa, ya ce, "Sannunku da aiki. Nan ne wurin Malam Shu'aibu mai gyaran bindiga?"

Na ce nan ne. Ya ce sunansa Ishaya, malamin firamare ne a Samaru, kuma yana son a ba shi shawara kan bindigar da ya kamata mutum ya fara saya.

Mati ya dube shi tun daga takalmi har hula, ya ce, "To fa. Malam, yaran sun daina jin bulala ne?"

Malam Ishaya ya yi murmushi, ya ce, "Baba, yaran suna ji. Waɗanda suka ƙi zuwa makarantar ne ba sa ji."

Saboda samarin da ke tsayawa a bakin shagona yanzu nake ba da wannan labari. Suna cewa, "Baba, ai bindiga ba wata tsiya ba ce, bututu ne da katako." Suna ganin wanda ya iya walda ya iya sana'ar. Zan faɗa musu yadda take, daga nan kowa ya yi lissafinsa.

Na koyi aikin a hannun Malam Tanimu, wani tsohon maƙeri a Zabi, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina zuga wuta da share maƙera kafin ya bari na riƙe magagari. Kayan aikinmu ba su da yawa: uwar maƙera, masaba, awartaki, magagari manya da ƙanana, man keken ɗinki, tsumma, da doguwar sandar goge cikin bututu. Ƙota kuwa da maɗaci muke sassaƙa ta, domin ba ya saurin tsagewa. Amma babban kayan aikin Malam Tanimu kunnensa ne. Idan an kawo bindiga, sai ya cire bututun, ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe. Mai lafiya yana amsawa da dogon amo. Mai tsaga a ciki yana yin tari. Idan ya ji tari ba ya gyarawa, ko nawa aka ɗora. Yakan ce bututun da ya fashe ba ya tambayar wa ya saye shi.

Abu na biyu da na gada a wurinsa tambaya ce. Duk wanda ya zo neman bindiga, kafin a yi maganar iri ko kuɗi, sai ya ce masa, "Me za ka harba?" Maharbi ba ya tunani kafin ya amsa. Zai ce gada, ko zabo, ko birai da suka dame shi a gona. Daga amsar ake sanin tsawon bututu da nauyin da ya dace da kafaɗarsa. Wanda kuwa ya yi shiru, ya dubi ƙasa, to mutum yake nufi, kunya ce ta hana shi faɗa. Malam Tanimu ya ce irin wannan a ba shi wurin zama da ruwan sha, a yi hira da shi, amma kada a yi gaggawar ba shi ƙarfe.

Don haka na ce wa Malam Ishaya, "Me za ka harba?"

Ya dubi ƙasa. Na tura masa benci.

Ga abin da ya faɗa. Gidan da yake haya shi ne na ƙarshe a layinsu a Samaru, daga shi sai gonaki. Yana zaune da matarsa Saratu da 'ya'yansu mata biyu. A watan da ya wuce 'yan fashi suka shiga. Suka kwantar da shi a tsakar gida, suka ɗauki rediyo da keken ɗinkin Saratu. Da za su fita, ɗaya daga cikinsu ya haska fuskar babbar yarinyar da tocila, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, za mu dawo gaisuwa."

Mati ya daina wasa. Ya ce, "Allah ya tsine wa mugun iri."

Na fara da abin da nake fara wa kowa. Na ce ya nemi kare. Ya ce a da yana da shi, sun jefa masa nama da guba tun kafin su zo. Na ce su haɗa kai da maƙwabta, kowa ya ajiye usur. Ya ce, "Muna da usur, Malam Shu'aibu. Saratu ta busa. Babu wanda ya fito. Ban kuma ga laifinsu ba, domin ran da aka busa a gidan maƙwabcina, ni ma ina kwance ina ji." Na ce ya tashi daga gidan. Ya ce albashin malamin firamare ne ya kai shi bakin gona, ba sha'awar iska ba.

Sai na yi masa bayanin bindigogin da farar hula zai iya riƙewa. Akwai mai baki biyu, wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi. Ita ce mafi aminci, amma tana da tsada, kuma harsashinta ba ya samuwa ko da yaushe. Akwai mai baki ɗaya, ƙanwarta, mai sauƙin kuɗi. Sannan akwai bindigar toka ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda kowa ya sani da suna harbi-ka-ruga. Na ce masa dukansu sai da takardar izini, kuma ni ba na sayarwa ko nemo wa wanda ba shi da ita. Na ce ya nemi takardar mai baki ɗaya, idan ta fito ya dawo, zan zaɓa masa da hannuna. Harbi-ka-ruga kuwa, na ce, ya cire ta daga ransa. Ba ta gida ba ce.

Ya yi godiya, ya hau kekensa.

Wannan shekara ita ce mafi muni a sana'ar. A da, masu zuwa wurina maharba ne da manoma, sai tsofaffin ma'aikata masu bindigar gado da suke kawowa a shafa mata mai kafin lokacin farauta. Amma dajin ya koma gona, naman ya yi nisa, maharba suka ragu. Waɗanda suka maye gurbinsu masu shaguna ne na Sabon Gari, da direbobi, da ma'aikatan coci, da limamai, mutanen da ba su taɓa yanka kaza da hannunsu ba. Duk wanda na yi wa tambayar Malam Tanimu sai ya dubi ƙasa. Benci ɗaya ya daina isa. Da yake kuma masu neman sun yi yawa, sai masu walda a ƙauyuka suka fara yanka bututun famfo suna ɗaura masa katako. Na ga wani ɗan tireda da ya rasa yatsu a harbinsa na farko. Na ga wani da ya ajiye tasa a ɗure a bayan ƙofa tun rani, damuna ta jiƙa albarushin, ranar da ya buƙace ta ta yi masa shiru. Mutum yana sayen bindiga ne don ya yi barci. Yawancin waɗanda na sani, daga ranar da suka saya barcin ya ƙare.

Da rani ya shigo, wata safiya Malam Ishaya ya dawo da buhu ɗaure a bayan keke. Mati na nan, ya zo sayen ƙusa. Malam Ishaya ya kwance buhun a kan tebur. Harbi-ka-ruga ce.

Na ce, "Ina takardar?"

Ya ce, "Tana tafe. Kullum na je sai a ce tana tafe. Su ma mutanen nan sun ce suna tafe. Ban san wanda zai riga isowa ba." Ya ce a wurin wani tsohon maharbi ya saya, a ƙauyen su Saratu, kuma bai zo don in yaba ba. Ya zo ne in gaya masa ko za ta fashe masa a fuska.

Na cire bututun, na rataye, na ƙwanƙwasa. Ya amsa da dogon amo. Tsohon aiki ne, na maƙerin kirki. Kunamar ce ta yi laushi, ko ƙuda ya sauka a kai za ta iya tashi. Na ce masa bututun lafiya lau, kunamar kuwa haɗari ce a gidan da ke da yara. Na gyara ta. Tunda ta riga ta shiga gidansa, abin da ya rage shi ne kada ta kashe na cikin gidan.

Mati ya ce, "Ka kawo ta ƙauyenmu ran Lahadi, in kun taso daga coci. Akwai wani suri a bayan gonata. In ka iya samun suri, to ka fi rabin mutanen Sabon Gari."

Ranar Lahadi da la'asar muka haɗu a can. Suri ne babba, ya fi mutum tsawo, babu gida ko hanya a bayansa. Wannan shi ne darasi na farko: kafin ka dubi abin da za ka harba, dubi abin da ke bayansa. Mati ya ɗora gwangwanin madara a jikin surin. Ya nuna masa yadda ake tsayawa da yadda ake manna ƙota a kafaɗa. Malam Ishaya ya rufe ido biyu ya ja. Hayaƙi ya turnuƙe, muka same shi zaune a ƙasa, tabaransa a gefe.

Mati ya riƙe ciki. "Malam, wa ya harbi wani? Kai ko ita?"

"Ina gwangwanin?"

"Yana nan, yana gaishe ka. Amma wani gajimare ya ji rauni."

Malam Ishaya ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya ce a sake. Mutum ne mai naci. Duk Lahadi yana zuwa, kafaɗarsa ta yi baƙi ta warke. Ya koyi buɗe ido. Ya koyi riƙe numfashi. Ya koyi cewa idan ya ja ta yi shiru, kada ya leƙa bakinta, ya bar ta tana kallon suri har sai an tabbata. Kafin ƙarshen rani, gwangwani ya daina gaishe shi. Mati ya fara kiransa Sarkin Bakan Samaru.

Ranar da ya huda gwangwani a tsakiya, ya juyo yana dariya kamar yaron da ya ci jarrabawa, sai na ce saura gwaji ɗaya. Na ce Mati ya je ya tsaya a gindin surin. Bindigar babu komai a cikinta, an riga an harba. Na ce wa Malam Ishaya, "Ka harba, ka sami ɗaya. Ga na biyu can. Sake ɗurawa." Na ce Mati ya taho, ba gudu ba, tafiyar mai zuwa kasuwa.

Malam Ishaya ya kafa gindin bindigar a ƙasa, ya buɗe gorar albarushi. Bai kai ga zaro sandar ɗuri ba Mati ya iso, ya cire masa hula, ya ɗora a kansa.

"Ka mutu, Malam. Allah ya jiƙanka. Wa zai gaji keken?"

Na ce, "Ka ga dalilin sunan. Waɗanda suka raɗa mata ba wasa suke yi ba. Harbi ɗaya gare ta. Maharbi yana harbin ɓauna, ya ruga ya hau bishiya, domin daji ne a bayansa. Kai me ke bayanka? Ɗakin matarka. Ina za ka ruga?"

Ya karɓi hularsa. Bai yi mamaki ba, kuma daga fuskarsa na gane ya daɗe da yin wannan lissafi. Ya ce, "Malam Shu'aibu, Hausa nake koyarwa a aji biyar. Na zauna da sunan nan. Aiki biyu ne a cikinsa, harbi da gudu. Ba dole mutum ɗaya ya yi duka biyun ba."

Mati ya ce, "A'a, Malam, kada ka yi mana wayon boko. Ka aka ce. Harbi ka ruga."

"To na gyara, Baba. Wasali ɗaya ne. Harbi ku ruga."

Babu wanda ya yi dariya. Ya ce abin da yake nema a wurin bindigar ba nasara ba ne, lokaci ne. Idan ta tashi, ƙararta da hayaƙinta za su tsayar da kowa a bakin zaure na ɗan lokaci. Wannan ɗan lokacin ya ishi Saratu ta fitar da yaran ta baya su shiga gona. Na ce masa idan bai ɗaga bindiga ba, wataƙila su kwashi kaya su bar kowa da ransa. Ya ce, "Wataƙila. Amma ba kaya suka haska da tocila ba."

Na mayar masa da bindigar cikin buhu, muka kama hanyar gida.

Aikin da ya ba ni bayan nan ba na bindiga ba ne. Ƙofa ya ce in yi masa, ta ƙarfe, ƙarama, a katangar bayan gida. Ya ce yana son sakatar da yarinya 'yar shekara bakwai za ta iya zarewa da hannu ɗaya, kuma ba ya son ta yi ƙara. Na yi ta, na kai Samaru a amalanke, na kafa da kaina. Na goge sakatar da magagari har ta yi santsi, na cika maratayan da man giris. Saratu ta kawo mini kunun zaƙi. Mace ce marar yawan magana. Ta tsaya tana kallo yayin da mijinta yake sa yaran gwaji: ya tafa hannu, su ajiye abin da suke yi, babbar ta kama hannun ƙaramar, su fita. Ƙaramar tana ɗaukar abin wasa, tana ƙyalƙyala dariya.

Saratu ta ce masa, "Baban Rahila, kai kuma fa?"

Ya ce, "Ina biye da ku."

Ta dube ni. Na ci gaba da goge sakata.

Sun zo cikin damunar da ta biyo, lokacin da masara ta fi mutum tsawo. Ba su jira dare ba. Ana kiran sallar magariba a masallacin layin, iyalin suna tsakar gida an zuba tuwo, aka bugi ƙofar zaure da ƙafa. Saratu ce ta ba ni labarin daga baya, a zaman makoki, da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwa. Ta ce mijinta bai tafa hannu ba, kallonta kawai ya yi. Ta ce sakatar ba ta yi ƙara ba. Suna cikin masara ta ji ƙarar bindigarsa, mai kauri, ta gane ta. Daga nan aka yi shiru. Sannan ta ji wasu, sirara, a jere. Ta toshe bakin ƙaramar da tafin hannu, suka ci gaba da tafiya har suka ɓulla a bayan gidan wani dattijon cocinsu.

Ta ce, "Ya ce mu ruga. Mun ruga."

An same shi a bakin zaure, gindin bindigar a ƙasa, gorar albarushi a buɗe a gefensa. An bi sawun jini daga ƙofar har bakin titi, a nan ya ɓace. Ba a kama kowa ba. 'Yan sanda suka tafi da bindigar. Suka kira ni, na faɗi abin da na sani, na nuna takarduna, suka sallame ni. Mati ya zo jana'iza da babbar rigarsa. Ya tsaya a bayan coci har aka gama.

Na zaci labarin zai sa mutane su ja da baya. Sati bai cika ba suka fara zuwa. Wani mai shagon taya ya ce, "Irin ta malamin Samaru nake so. An ce mutum ɗaya ya kori bakwai." Na ce masa malamin yana kabari. Ya ce, "Ai don guda ɗaya gare shi. Ni biyu zan saya."

Na ce, "Me za ka harba?"

Bai dubi ƙasa ba. Ya dube ni cikin ido ya ce, "Mutum mana, Baba. Da me zan harba?"

Na biyu ma haka ya amsa, da na uku. Tambayar Malam Tanimu tana aiki ne da kunyar mai amsawa. Da kunyar ta ƙare, ba ni da sauran abin da zan auna mutum da shi. Kunnena yana iya jin tsaga a bututu, ba ya jin ta a mai saye.

Don haka, ku samari masu cewa bututu ne da katako, gaskiyarku. Kowa zai iya haɗa su cikin yini. Abin da ba ya koyuwa cikin yini shi ne abin da za ka gaya wa mutumin da ya zauna a bencinka, wanda kare da usur da maƙwabta duk sun gaza masa, kai kuma ka san abin da yake nema harbi ɗaya gare shi. Na yi shekaru a sana'ar ban gano ba.

Kafin ƙarshen wannan shekara na mayar da takardar izinina, na sauke allon shago. Yanzu ƙofofi nake yi da ƙarafan taga. Mati ya sayar da gonar da surin yake, an yanka ta filaye. Saratu ta koma garinsu a kudancin Kaduna da yaran biyu. Mai gidan na Samaru ya zuba ɗalibai 'yan haya, ya cire ƙofar baya ya toshe wurin da bulo. Ya ce ta irin nan ɓarayi ke shigowa.